Mece ce adaftar ROM mai sauyi, kuma yaya ake tsara ta?

Adaftar ROM mai sauyi ɗan ƙaramin allon lantarki ne da ake sakawa a gurbin ROM na tsohuwar kwamfuta, domin gurbin da aka yi wa manhaja guda ya ɗauki manhajoji da yawa, mai kwamfutar kuma ya zaɓi wadda yake so da makunni. ROM kuwa ita ce aisin (IC, ɗan ƙwayar lantarki mai ƙafafun ƙarfe) da ke riƙe bayanai ko an ɗauke wuta, wadda kwamfuta ke karantawa daga cikinta amma ba ta rubutu a kanta. Masu gyaran waya na wajen Wunti a Bauchi ba baƙinta ba ne, domin ma'adanar da suke yi wa filashin kullum daga zuriyarta ta fito.

Kwamfutar da ta fi bayyana dalilin wannan adafta ita ce TRS-80 Model 100, wadda kamfanin Kyocera na Jafan ya ƙera, Tandy kuma ya fara sayarwa a Amurka a shekarar 1983. Tana aiki da batir AA guda huɗu na kimanin awa 20, fuskarta tana nuna layi 8 masu ɗaukar harafi 40, kuma 'yan jarida sun so ta ƙwarai saboda suna iya rubuta rahoto a filin aiki su aika ta layin tarho. Ƙwaƙwalwarta, Intel 80C85, ba ta iya kaiwa ga fiye da kilobait 64, rabi na ROM rabi na RAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke iya rubutu a kanta tana aiki. A ƙarƙashinta akwai wata 'yar ƙofa mai soket guda ɗaya tak na ƙarin manhaja, inda ake saka irin su Multiplan, Super ROM, Ultimate ROM II ko TS-DOS. Duk wanda ya mallaki biyu daga cikinsu dole ya riƙa cire wannan yana saka wancan, alhali yau soket ɗin ya haura shekara 40, kuma kowane cirewa da sakawa yana ƙara gajiyar da ƙarafansa.

Dabarar tana cikin lissafin adireshi. Aisi mai lamba 27C256 tana ɗaukar kilobait 32, tana da layukan adireshi 15, daga A0 zuwa A14, waɗanda ke ba kwamfuta damar nuna gurabe 32,768. Yayarta 27C512 tana da ƙafafu 28 kamar ta, sai dai tana ɗaukar ninki biyu, domin an ƙara mata layin A15 a ƙafa ta farko. Kwamfutar ba ta san da wannan layi ba, don haka mai tsara adafta sai ya ba makunni ikonsa: idan layin yana haɗe da ƙasa, wato bolt sifili, kwamfuta ta ga rabin farko na aisin, idan yana kan bolt 5 ta ga rabi na biyu, kuma a kowane hali tana ɗauka aisi guda ce mai kilobait 32 a gabanta. Kamar makunnin canji ne tsakanin wutar NEPA da ta janareta, inda wayoyin gida ba sa sauyawa sai dai inda wutar ke fitowa. Kowane ƙarin layi yana ninka adadin, biyu su ba da manhaja 4, huɗu su ba da 16, wanda shi ne abin da aisin filash SST39SF040 mai kilobait 512 ke iya ɗauka.

A ganina wannan ɓangare shi ne mafi sauƙi, wahalar tana cikin ƙananan abubuwan da mai gaggawa ke tsallakewa. Ba a barin layin adireshi yana reto babu haɗi, domin ƙafar aisin CMOS (nau'in aisi mai ƙarancin cin wuta, irin waɗannan) da aka sake takan karanta sifili yanzu, an jima ta karanta ɗaya, sai kwamfuta ta yi tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan tana tsakiyar aiki. Maganin shi ne a ɗaure layin da bolt 5 ta hanyar resista, galibi mai ohm 10,000, makunnin kuma ya riƙa jan sa ƙasa. Idan filash ko EEPROM aka zaɓa, wato aisin da ake iya gogewa a sake rubutawa da lantarki, wajibi ne a ɗaure ƙafar ba da izinin rubutu, kada ta ɓata abin da ke ciki. Lambobi ma suna ruɗi, domin 28C256 da 27C256 girmansu ɗaya, amma aikin ƙafa ta 1 da ta 27 ya bambanta a tsakaninsu.

Shi kansa soket ɗin Model 100 ba irin na kowa ba ne. Na kamfanin Molex ne, ƙarafansa suna matse aisin ta gefe, jerin ƙafafunsa kuma bai dace da na 27C256 ba, shi ya sa allon adafta yake sake jera layukan. Dole kaurin allon ya yi daidai don kada ya buɗe ƙarafan har su kasa komawa, tsayinsa da makunnin kuma su bar ƙofar ta rufu.

Haɗarin da ya fi kowanne ba a ganin sa da ido. Wannan kwamfuta ba ta da faifai a ciki, duk fayilolinta a RAM suke, wani ƙaramin batir na ciki yana riƙe su ko an kashe ta. Manhajar da aka tayar da umarnin CALL 63012 takan bar alamomi a RAM masu nuni zuwa wasu gurabe a cikin ROM ɗinta. Idan aka juya makunni ba tare da an cire waɗannan alamomi ba, za su nuna gurbin da yanzu wata manhaja ce a ciki, kwamfuta ta maƙale, wani lokaci sai an tayar da ita daga tushe, abin da ke share fayiloli gaba ɗaya. Kashe wuta kafin sauyi wajibi ne, amma bai wadatar ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa adaftoci irin su REX suka bar makunnin hannu, suka mayar da zaɓin ga manhajar da ke kula da sauyin.

Ga ɗalibin lantarki a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, wannan aiki ne da ya cancanci a gwada ko babu Model 100 a hannu, domin aisin 27C512 guda da resista da makunni da ƙananan fitilu takwas a kan layukan bayanai sun isa su nuna yadda rabi ke sauya rabi. Sai dai a kula da lokacin hunturu, domin busasshiyar iskar Disamba da Janairu tana tara lantarki a jiki da tufafi, wanda ke iya kashe aisin CMOS da taɓawa guda. A sa abin ɗaura wa hannu mai zubar da lantarkin zuwa ƙasa, a kuma kwafe abin da ke cikin tsohuwar ROM a na'urar rubuta aisi tun kafin a kunna ƙarfen solda.