Kwanon Asbestos: Cire Shi da Zubar da Shi

Kwanon asbestos rufi ne da ake yi da siminti haɗe da zaren wani ma'adini mai suna asbestos. Launinsa toka-toka ne, ya fi kwanon ƙarfe kauri da nauyi, ba ya tsatsa, ba ya cin wuta, kuma ɗakin da aka rufa da shi ba ya ɗaukar zafi irin na langa-langa. Ko ruwan sama bai cika yi masa ƙara ba. Wannan ya sa ya samu karɓuwa a Najeriya daga wajajen 1960, aka shafe shekaru ana rufa makarantu da ofisoshi da gidajen ma'aikata da shi. A Zariya har yau ana ganinsa a kan tsofaffin sito da gareji da ɗakunan kaji, musamman a unguwannin da suka bunƙasa a wancan zamani, irin su Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada. Ɗan'uwansa shi ne silin mai faɗi da kafintoci ke kira asbestos kai tsaye.

Muddin kwanon yana zaune lafiya a inda aka kafa shi, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka zo cire shi ne ake samun matsala, domin fasa shi ko yanka shi yana sakin ƙurar da ke haddasa cututtukan huhu masu kisa.

Asali

Asbestos ba haɗin ma'aikata ba ne, daga dutse ake haƙo shi. Suna ne da ya tattara ma'adinai shida masu zare-zare, amma uku aka fi amfani da su: fari, wato kirisotayil, da ruwan ƙasa, wato amosayit, da shuɗi, wato kurosidolayit. Farin shi ne kusan kashi 95 cikin ɗari na abin da duniya ta yi amfani da shi, kuma shi aka fi samu a kwanon rufi. Wani ɗan Ostiriya, Ludwig Hatschek, ya ƙirƙiro hanyar haɗa shi da siminti a farkon ƙarni na 20, ya sa wa kayan suna Eternit. A cikin kwano ɗaya, zaren bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, sauran duk siminti ne. A Najeriya an yi ma'aikatun irin wannan kwano a Ikeja da Enugu da Sapele, daga baya suka koma ga zaren da ba asbestos ba.

Likitoci sun daɗe da gane illarsa. A 1924 wata ma'aikaciyar masaƙar asbestos a Rochdale ta Ingila, Nellie Kershaw, ta rasu da huhu a ƙandare, aka rubuta labarin ciwonta a mujallar likitoci. A 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, J. C. Wagner, tare da abokan aikinsa, suka nuna alaƙar shuɗin asbestos da sankarar tantanin huhu. Duk da haka an ɗauki lokaci kafin a hana. Birtaniya ta haramta shuɗi da ruwan ƙasa a 1985, fari kuma sai 1999. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya daga 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018. Rasha da Kazakistan da Sin na cikin ƙasashen da har yanzu ke haƙo shi.

Inda haɗarin yake

Zaren asbestos ba ya narkewa, ba ya ruɓewa. Idan ya rabu, sai ya tsage a tsaye zuwa silili-silili da suka fi gashin mutum siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsu, kuma suna iya shafe sa'o'i suna yawo a iskar ɗaki. Wanda ya shaƙa ba ya jin wari, ba ya jin ƙaiƙayi, sau da yawa ko atishawa ba ya yi. Sililin yana wucewa can ƙasan huhu ya maƙale, jiki kuma ya kasa fitar da shi duka.

Cututtuka uku aka fi sani. Na farko asbestosis, inda huhu ke yin tabo ya ƙandare, mutum ya riƙa haki ko ɗan tudu ya hau. Wannan ya fi kama waɗanda suka daɗe suna aiki cikin ƙurar. Na biyu sankarar huhu, wadda shan taba ke ninka haɗarinta sosai. Na uku mesoteliyoma, sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki, kuma ita ce abin tsoro ga mai ƙaramin aiki a gida, domin an same ta har a jikin matan da ba su taɓa shiga ma'aikata ba, wanke kayan aikin mazajensu kawai suke yi. An kuma tabbatar da alaƙarsa da sankarar maƙogwaro da ta ƙwan mace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani nau'in asbestos da ba ya jawo sankara, har da farin, kuma ta ƙiyasta mutuwar fiye da mutum 200,000 a shekara sanadin shaƙarsa a wurin aiki.

Ciwon ba ya fitowa da wuri. Ana kai shekara 20 zuwa 40, wani lokaci fiye. Shi ya sa maganar da kafinta kan yi, "Alhaji, shekara nawa muna yanka wannan abu ba abin da ya same mu," ba hujja ba ce. Yaron da ke riƙe masa tsani yau, ɗan shekara goma sha biyar, shi ne ke da tsawon rayuwar da ciwon zai iske shi.

A cire ko a bari

Ba kowane rufin asbestos ne ya wajaba a sauke ba. Idan bai tsage ba, ba ya yoyo, fuskarsa ba ta fara gari ba, barinsa ya fi taɓa shi. Ana iya shafa masa fenti don ya daɗa riƙe zaren, amma ba a kankare shi da burushin ƙarfe, ba a goge shi da samfefa, ba a wanke shi da injin feshin wankin mota. Wanda ya kamata a cire shi ne wanda ya farfashe, ko ya tsufa har yana barin farin gari a yatsa, ko wanda gobara ta ci, ko kuma idan za a rushe ginin.

Da ido ba a iya rabe kwano mai asbestos da sabon kwanon siminti da ba shi da shi. Ɗakin gwaji ne ke tabbatarwa da madubin ƙara girma. A aikace, duk rufin siminti da ya daɗe, a ɗauka yana da shi.

Akwai kuma bambancin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Kwanon rufi zarensa a ɗaure yake cikin siminti. Amma asbestos mai laushi, irin wanda ake naɗe bututun tururi da shi a tsofaffin ma'aikatu, ko wanda ke murmushewa a hannu, ba aikin kafintan unguwa ba ne ko kaɗan, na ƙwararru ne. Ko kwanon ma, a Ostireliya doka ta sa iyakar murabba'in mita 10 ga wanda ba shi da lasisi. Wannan ma'auni ne mai amfani ga mai gida: rumfar awaki daban, rufin aji uku daban.

Lokaci da shiri

A Zariya zaɓen lokaci rabin aikin ne. Tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne mafi muni: iska na kaɗawa, ruwan da aka fesa kan bushe kafin a sauke kwano biyu, ƙurar kuma ta tsallake katanga ta faɗa tsakar gidan maƙwabci inda aka shanya tsaki da kuɓewa. Ranar da ba iska ake nema, da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Ƙarshen damina ya fi dacewa, lokacin da ƙasa ke da sauran danshi.

Kafin a fara, a sanar da maƙwabta su rufe tagogi su kwashe shanya. A fitar da yara da dabbobi, a rufe rijiya da randa, a kwashe buhunan hatsi daga siton, a kashe wutar lantarkin da ta bi ta rufin. Sai a shimfiɗa leda mai kauri a ciki da kewayen ginin, domin duk ɓarɓashin da ya faɗo ya sauka a kanta.

Takunkumin da ya dace shi ne mai lamba FFP3 ko P3 ko P100. Na ƙyalle, da shuɗin nan na asibiti da aka saba da shi lokacin korona, da rawani ko hankici da ake ɗaurawa a hanci, duk ba sa tare wannan zare. Kuma dole takunkumin ya manne da fata. Gemu da saje suna hana shi zama, iska ta bi ta gefe. A gari irin Zariya, inda masu gemu ke da yawa cikin masu sana'a, wannan ba ƙaramar magana ba ce: mai gemu ya bar aikin ga wani. Sai rigar aiki mai hula wadda ake jefarwa bayan an gama, da safar hannu, da takalmin roba marar igiya, don a iya wanke shi.

Sauke rufin

Ba a taka kwanon asbestos. Tsoho yakan fashe a ƙarƙashin mutum ba tare da wata alama ba, kuma faɗowa ta cikin rufi ta kashe ma'aikata da yawa tun kafin a zo maganar ƙura. Daga ƙasa ake aiki, a kan tsani ko dandamali mai ƙarfi.

A jiƙa kwanon sama da ƙasa da ruwa mai ɗan omo, a hankali. Famfon feshin manoma da ake goyawa a baya ya dace da wannan aiki, in an wanke shi tas daga maganin ciyawa. Kumfar tana sa ruwan ya kama jikin kwanon. Ba a so ya yi ta kwarara, domin ruwan da ya gangara kwata yana tafiya da zaren, ya bushe a can ya koma ƙura.

Wurin ƙusa ne ake yawan ɓata aiki. Al'adar kafinta ita ce ya sa guduma ya ɓamɓare, ko ya fasa kewayen ƙusar ya ja. A nan, ƙusar ko noti ake yankewa daga ƙasa da almakashin ƙarfe, ko a kwance a hankali bayan an jiƙa wurin. Injin yanka da injin huda da zarto ba su da wuri a wannan aiki, domin cikin ɗan lokaci sukan cika wuri da ƙurar da guduma ba za ta tayar ba a yini. Kwanon yana da nauyi, wajen kilo 15 a kowane murabba'in mita, saboda haka mutum biyu ke ɗaga kowane ɗaya su miƙa wa na ƙasa. Ba a jefowa, ba a jan wani a kan wani. In ɗaya ya fashe, a daina aiki, a fesa ruwa, a tsince gutsattsarin da hannu.

Kowane kwano da ya sauka, a ɗora shi a kan leda mai kaurin da bai gaza maikiron 200 ba, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, a naɗe riɓi biyu, a liƙe da salatif mai faɗi, a rubuta a jiki cewa asbestos ne. Katakon rufin da indararo a goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Tsintsiya kam a ajiye ta, sharar busasshen wuri tana mayar da duk abin da aka kwantar cikin iska. Tsumman da ledar shimfiɗa da rigar aiki duk cikin shara za su tafi. Takunkumi shi ake cirewa a ƙarshe, bayan an tuɓe rigar. Sannan wanka. Kayan da aka yi aiki da su ba a kai su cikin gida a ce a wanke.

Zubarwa

Nan ne al'ada da ƙa'ida suka fi saɓawa. A Zariya ba kasafai ake zubar da kayan gini ba. Tun kwanon bai gama sauka ba wani zai leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan da sauransa, a ba ni in rufa wa kaji." Mai lafiya ya koma akurki ko dangar banɗaki, fasasshe a daddaka shi a yi ciko a ramin hanya ko ƙofar gida, inda babura da motoci za su yi ta niƙa shi har rani ya zo. Wani gutsuren yara su ɗauka suna zane da shi a bango. Duk kulawar da aka yi a saman tsani, a nan take lalacewa. Kwanon da aka sauke ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a ba 'yan gwangwan.

Ba a ƙona shi kuma. Zaren ba ya ƙonewa a wutar bola, simintin ne ke fashewa da ƙara ya tarwatsa shi. Ba a zuba shi a juji ko kududdufi, ko bakin kogin Kubanni da na Galma, inda ambaliya za ta kwashe shi ta baje a fadamar da ake noman rani.

Sharar asbestos tana cikin shara mai haɗari a ƙarƙashin Yarjejeniyar Basel ta 1989, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan safarar irin wannan shara da zubar da ita, wadda Najeriya ta shiga. Ƙasar ta fara tsaurara doka kan irin wannan shara ne bayan gubar da aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yanzu, a 1988. A matakin tarayya hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ke kula da dokokin muhalli, a Jihar Kaduna kuma akwai hukumar KEPA. Su ya kamata a tuntuɓa tun kafin a cire ƙusa ta farko, a ji inda aka amince a kai. Hanyar da aka yarda da ita ita ce binnewa: a kai ƙunshin a rufe cikin mota, ba a tifa a zazzage shi ba, a sauke da hannu cikin rami na musamman, a rufe da ƙasa a ranar, a kuma ajiye bayanin wurin. Zariya na faɗaɗa, gonar bana filin gini ce baɗi, kuma mai haƙa harsashi ba zai san abin da digarsa ta fasa ba in ba a rubuta ba.

Wanda ya riga ya shaƙa

Shaƙa sau ɗaya na ɗan lokaci haɗarinta kaɗan ne, haɗarin yana ƙaruwa ne da yawan ƙura da yawan maimaitawa. Babu maganin da ke wanke zaren daga huhu. Madarar da ake ba lebura bayan aikin ƙura ba ta kai can, ciki take tafiya. Abin da ke hannun mutum shi ne ya daina ƙara shaƙa, ya kuma bar taba. Tsohon kafinta ko birkila da ya fara haki ko tari marar ƙarewa ko ciwon ƙirji, ya je asibiti ya faɗa wa likita irin aikin da ya yi da shekarun da ya yi shi. Alamomin suna kama da na tarin fuka, kuma in likita bai ji tarihin aikin ba, can hankalinsa zai fara tafiya.