Tsofaffin itatuwan turare a unguwannin biranen Ostiraliya

Itacen turare, wanda ake kuma kira zaiti, asalinsa ɗan Ostiraliya ne, kuma yana da nau'i sama da 700. Wanda muka sani a shingen kare hamada na Kano da Katsina shi ne Eucalyptus camaldulensis. A wurinmu baƙo ne da aka dasa, a can kuwa ɗan gida ne, kuma a unguwannin Melbon, Adeled da Kanbera akwai waɗanda suka girmi biranen kansu.

Babban amfanin tsohon turare yana cikin kogonsa. Ostiraliya ba ta da tsuntsun nan mai sassaƙa rami a itace da bakinsa, don haka kogo ba ya samuwa sai reshe ya karye, ko gobara ta ƙone wani gefe, sannan gara da ruɓa su yi ta cin cikin itacen a hankali. Wannan aiki yakan ɗauki shekara 100 ko fiye, babban kogo kuwa yakan kai 200. Nau'o'in dabbobi kusan 300 ne ke fakewa ko hayayyafa a irin waɗannan koguna, daga aku da jemagu zuwa fosom (wata ƙaramar dabba mai zama a kan itace) da babbar mujiyar ƙasar. Shi ya sa a 2007 jihar New South Wales ta sanya asarar itatuwa masu kogo cikin manyan barazanar da halittu ke fuskanta. Mai ginin da ya sare tsoho ɗaya ya dasa sababbi goma bai biya bashin ba, domin jikokinsa ma ba za su ga kogo a jikinsu ba. Akwatunan katako da ake rataya wa tsuntsaye suna taimakawa, amma suna lalacewa cikin 'yan shekaru.

Wasu itatuwan kuma shaidun tarihi ne. Har yau ana ganin tabon da 'yan asalin ƙasar suka bari a inda suka ɓare ɓawo don yin kwalekwale ko garkuwa. A lambun tsirrai na Melbon akwai wani da aka taru a gindinsa a 1850 don murnar labarin raba yankin Biktoriya, inda Melbon take, da New South Wales. Ɓata-gari sun yanke masa ɓawo a 2010 da 2013, ya mutu a 2015.

Ƙorafin mazauna unguwa ba na banza ba ne: turare yakan yar da babban reshe ba zato, saiwarsa tana fasa daɓe, busassun ganyensa kuma suna kama wuta. Sau da yawa datse reshe mai haɗari da barin fili a gindin itacen sun wadatar. A jihar Kudancin Ostiraliya doka ta hana sare itacen da kaurinsa ya kai wani ma'auni sai da izini, kuma a 2024 aka rage ma'aunin daga kewayen mita 2 zuwa mita 1.