Likita Ma Yana Bukatar Likita

A shekarar 2017, Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta yi wa rantsuwar kama aiki da ake kira Sanarwar Geneva gyara, inda ta ƙara alƙawarin cewa likita zai kula da lafiyar kansa domin ya iya ba majinyata kulawar da ta dace. Wannan kira da muke yi ga likitoci ya tsaya ne a kan wannan alƙawari, domin gajiyar likita tana komawa kan wanda ke kwance a gadon asibiti.

Barci ne abu na farko da aiki ke cinyewa. Bincike ya nuna cewa wanda ya yi sa'o'i 17 idonsa biyu, saurin tunaninsa da na hannunsa kan ragu kusan daidai da na mutumin da barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da dama suka gindaya wa direbobi. Ku dubi likitan da ke lissafin maganin jariri bisa nauyinsa da ƙarfe huɗu na asuba, bayan ya yini a tsaye: sifili ɗaya da ya ƙaru a kan takarda ya isa ya ninka maganin sau goma. Babban mutum yana bukatar barcin aƙalla sa'o'i bakwai. Idan aikin dare ya hana, a ɗan runtsa na minti ashirin da zarar an sami sarari, a rage kofi idan lokacin tashi daga aiki ya gabato domin rabin ƙarfinsa na nan a jiki bayan kimanin sa'o'i biyar, kuma wanda ido ke rufewa kada ya tuƙa kansa zuwa gida.

A 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Likitoci da yawa sun saba zarce wannan adadi, alhali su ne ke gaya wa jama'a su motsa jiki na minti 150 a mako. Ana iya tara waɗannan mintuna kaɗan-kaɗan, da hawa matakala da tafiya da sauri.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda likita ke mai da kansa majinyacin kansa. Ya rubuta wa kansa maganin ciwon kai ko na barci, ko ya tare abokin aiki a baranda ya tambaye shi a tsaitsaye, ba kati, ba awon jini, ba ranar dawowa. Ya kamata kowane likita ya kasance yana da nasa likitan, wanda zai zaunar da shi ya duba shi kamar kowa. Alamomin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2019 na ƙosawa da aiki su ne gajiyar da ba ta tafiya, da sanyin zuciya ga aikin, da raguwar ƙwazo. Wanda ya fara jin majinyata sun zame masa kaya, ko tunanin cutar da kansa ya fara zo masa, ya nemi ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba.

Tattara hankali wuri ɗaya yana taimakawa, kuma tun 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya shigo da shi fagen asibiti a Jami'ar Massachusetts ta Amurka. Hanya mai sauƙi ita ce lokacin wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci: a ja numfashi a hankali, a lura da ruwan da ke zuba a hannu, a bar maganar wanda ya fita kafin na gaba ya shigo.

Sai dai numfashi ba ya gyara jadawalin da ya ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum uku. Tarayyar Turai ta ƙayyade matsakaicin sa'o'i 48 a mako, Amurka kuma ta sanya wa likitoci masu neman ƙwarewa iyakar sa'o'i 80 tun 2003. Shugabannin asibitoci su tanadi ɗakin hutawa ga masu aikin dare, su tabbatar an ba da hutu bayan kwanan aiki, kuma su ɓoye sirrin duk likitan da ya nemi taimako.