Rarraba Amurkawa aji-aji ta bayanan ƙidaya

Gwamnatin Amurka tana da ma'aunin talauci na hukuma, wanda Mollie Orshansky ta tsara a farkon shekarun 1960, amma ba ta taɓa fayyace waɗanda za a kira matsakaita ko masu hali ba. Hukumar Ƙidaya kan jera gidaje bisa kuɗin shigarsu ta kasa su kashi 5 daidai. Raɗa wa azuzuwa suna kuwa aikin masana ne da kamfanoni, masu ɗiban alƙaluman hukumar daga intanet.

Asali

Tun 1790 ake ƙidaya a Amurka duk bayan shekara 10. A shekarun 1930 masanin zamantakewa W. Lloyd Warner ya yi nazari a garin Newburyport na jihar Massachusetts, ya fitar da azuzuwa 6. Bai tsaya kan dukiya kaɗai ba, ya duba asalin gida, da unguwa, da waɗanda mutum ke hulɗa da su, kuma daga bakin mutanen garin ya ji matsayin da suke ba juna. Wannan ne ƙarfin aikinsa, abin da tsare-tsaren da suka biyo baya suka rasa.

A 1963 gidan waya ya shigo da lambobin shiyya na ZIP. Wajen 1974 Jonathan Robbin, wanda ya kafa kamfanin Claritas, ya haɗa su da alƙaluman ƙidaya ya samar da tsarin PRIZM, inda aka kasa unguwannin ƙasar rukuni 40. Hujjarsa ita ce masu kama da juna a samu da ilimi da sana'a sukan zauna wuri guda, sayayyarsu ma ta zo ɗaya. Daga nan adireshi ya zama shaidar aji, 'yan talla da 'yan siyasa suka rungume shi.

Halin yanzu

PRIZM na da rukuni 68 yanzu, akwai kuma makamantansa, Tapestry na kamfanin Esri da Mosaic na kamfanin Experian. Cibiyar bincike ta Pew tana kiran gida matsakaici idan samunsa ya kama daga kashi 2 cikin 3 na samun gidan da ke tsakiyar jeri zuwa ninki 2 nasa. A lissafinta, kashi 61 cikin 100 na baligai suna wannan aji a 1971, zuwa 2021 sun koma 50.

Suka

Masu suka na cewa tsarin yana shafa wa mutum halin maƙwabtansa, yana kuma farfaɗo da wariyar da aka yi wa unguwannin baƙaƙen fata wajen rancen gida. A 2019 Facebook ya amince ya daina barin masu tallar gidaje, aiki da bashi su zaɓi mutane ta lambar ZIP.