Waiwaye: Hanyoyin da malaman arewacin Kamaru suka biyo kafin su riƙi alli

A shekarar 2018 ma'aikatar ilimin firamare ta Kamaru ta fito da sabuwar manhaja. Abin da take nema shi ne malami ya rage surutu, yara su riƙa aiki da hannunsu, su tattauna a ƙungiya-ƙungiya, a auna su da abin da za su iya yi, ba da abin da suka haddace kawai ba. A takarda, darasi ɗaya ake yi daga Duwala har Kusiri. Amma wanda ya zagaya azuzuwan makarantar gwamnati guda a gefen Garwa ko Marwa zai ji koyarwa iri uku ko huɗu a ƙarƙashin tuta ɗaya. Wannan aji Faransanci ne zalla, yara sun yi tsit. Na kusa da shi ana ta rera jimla guda kamar waƙa. Can ƙurya kuma malami ya rubuta da Faransanci a allo, ya juyo yana bayani da Fulatanci. Ba manhajar ce ta raba su ba. Kowannensu hanyar da ya biyo daban ce, kuma hanyoyin nan suna da tarihi.

Kafin boko, allo aka sani. Tun zamanin Modibbo Adama, a farkon ƙarni na 19, garuruwan lamidai, wato sarakunan Fulani, irin su Garwa da Marwa da Gaundare suke da malamai, Hausawa da Barebari masu fatauci kuma suka zo da nasu, suka kafa unguwanni da makarantun zaure. Malami a wannan tsarin ba takarda ke yin sa ba. Ya zauna gaban wani ya yi karatu, ya sauke, jama'a suka shaida, shi ke nan. Sau da yawa nakan ji 'yan boko suna cewa nanata magana ɗaya da aji ke yi baki ɗaya gadon makarantar allo ne. Ban yarda da wannan ba. A makarantar allo hayaniya ce ke haɗa yara, amma kowa da inda ya tsaya. Malam na biya wa kowane yaro allonsa, ba ya wankewa sai ya riƙe, manyan almajirai kuma suna duba ƙanana. Yara ɗari su amsa jimla ɗaya a lokaci ɗaya, su juya shafi tare ko an gane ko ba a gane ba, wannan daga wani wuri ya zo.

Jamusawa sun buɗe makarantar gwamnati a Garwa, amma ba su daɗe ba, a 1916 ƙasar ta kuɓuce musu. Faransawa da suka gaje su sun zo da makaranta mai ƙa'ida guda: Faransanci kaɗai, daga ranar farko. Shifta, haddar waƙoƙi, kwafe darasi daga allo zuwa littafi da rubutu mai tsabta. Akwai kuma wata alama, ƙashi ko wani tarkace, da ake rataya wa yaron da aka kama yana yarensu, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Tsofaffin da suka yi boko har yau suna ba da labarinta, wasu da dariya, wasu ba dariya. Masu koyarwar galibi 'yan kudu ne da aka ba ɗan gajeren horo aka turo arewa, ba su jin yaren yaran, yaran ba su jin nasu. Mutumin da ke cikin wannan hali ba shi da wata dabara sai "ku faɗa bayana". Daga baya, gab da samun 'yancin kai, aka kafa makaranta a Pitowa kusa da Garwa, wadda ta zama wurin horar da malaman arewa.

Su waye suka cika irin waɗannan makarantu? Ba 'ya'yan Musulmin birni ba. Sarakuna da attajirai sun yi ɗari-ɗari da boko, har akan ce idan aka matsa wa basarake ya kawo yara, 'ya'yan barorinsa yake turawa. Mishan kuwa, 'yan Norwe da suka sauka a Gaundare a 1925 da fadan Katolika da suka shigo arewa a 1946, sun fi samun karɓuwa a wajen ƙabilun da ba Musulmi ba. Shi ya sa Mundang na Kayele da Tupuri da Gbaya da Dii suka riga kowa, kuma daga cikinsu aka samu da yawa daga malaman arewa na farko. Wannan ya bar tabo mai tsawo: ɗan Bahaushe a Garwa ya daɗe yana shiga ajin da malaminsa ba ya tarayya da shi a harshe ko addini, iyayensa kuma suna kallon makarantar a matsayin ta wasu.

Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa wanda shi kansa ya yi allo ya yi boko, ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1982. A zamaninsa aka ƙarfafa makarantun Faransanci da Larabci don a lallaɓo iyaye Musulmi, aka kuma yi yunƙurin karkata karatun firamare zuwa noma da rayuwar karkara, yunƙurin da bai yi nisa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne matsayin malami. Wanda ya ci jarrabawar shiga makarantar horon malamai gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, da ya fito aiki na jiransa. Dattawa idan suna cewa "malaman da", waɗannan suke nufi. Bulalarsu ba ta da daɗi, amma mutum ne da ke cin abinci da aikinsa, ba ya tunanin kabu-kabu da yamma.

Nan ne fa abin ya karye. Daga tsakiyar shekarun 1980 farashin man fetur da koko da gahawa da auduga ya faɗi, gwamnati ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na masu ba da bashi. Aka dakatar da ɗaukar ma'aikata, makarantun horon malaman firamare suka zauna a rufe na wasu shekaru a farkon shekarun 1990. A 1993 aka zabge albashi har sau biyu, a watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Da aka sake buɗe makarantun horon malaman da sunan ENIEG, an buɗe su ne ba tare da alkawarin aiki ba. A lokacin, mai takardar ƙaramar sakandare (BEPC) ya yi shekara 3, mai ta ajin kusa da na ƙarshe (Probatoire) 2, mai ta kammala sakandare (Bakaloriya) 1, duk su fito da takardar shaidar malanta ɗaya, wato CAPIEMP, sannan a ɗauki wasu a matsayin malaman wucin gadi a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Sai ga shi a shekarar 2000 Shugaba Paul Biya ya sanar da cewa firamaren gwamnati kyauta ce. Yara suka tuttuɗo, malamai babu.

Iyaye ne suka toshe giɓin. Ƙungiyar iyayen yara ta kowace makaranta ta riƙa tara kuɗi tana ɗaukar wani saurayin gari, wanda ya taɓa sakandare, ta ba shi alli. Su ake kira malaman iyaye, kuma a ƙauyukan arewa ba abin mamaki ba ne ka tarar shugaban makaranta kaɗai ke kan albashin gwamnati. Ana yawan raina su, ni kuwa ina ganin ya kamata a yi musu adalci. Malamin iyaye bai taɓa zama an nuna masa yadda ake koya wa ɗan shekara shida haɗa baƙi da wasali ba. Abin da ya sani shi ne yadda aka koya masa, shi yake maimaitawa, har da bulalar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Faransancinsa ma wani lokaci da sauƙi-sauƙi. Amma ya san gidan kowane yaro, ya san wanda aka tura kiwo da wadda ake shirin aurarwa, yana iya zuwa ya durƙusa gaban uba ya ce, "Baba, a yi haƙuri a bar ta ta ƙarasa wannan shekarar." Idan yaro ya kasa gane rabawa, zai sauko masa da ita cikin Fulatanci ko Hausa ko Mafa. Kuma ba ya neman canjin wurin aiki, don nan ne garinsu.

Abokin aikinsa da ya fito ENIEG ya san tsara darasi, ya san sunayen dabaru. Daga 2007 gwamnati, da taimakon Faransa da Bankin Duniya, ta ɗauki dubban irinsu aikin kwantiragi, aka tura da yawa yankunan da aka ware don fifiko, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa da Gabas. Sai dai an horar da shi ne kamar zai tarar da yara masu jin Faransanci, kowa da littafinsa a kan benci. Ya zo ya tarar da ɗari da ɗoriya, wasu a ƙasa, wasu a rumfar zana. Aikin ƙungiya a irin wannan aji kasuwa ce. Ba ya daɗewa yake komawa wa "ku faɗa bayana", ya ajiye sababbin dabarun sai ranar da sufeto zai zo. Idan ɗan kudu ne, rabin hankalinsa na kan takardar neman komawa gida.

Akwai na uku, malamin Larabci na makarantun Faransanci da Larabci da na Islamiyya, wanda ya yi karatu a Sudan ko Masar ko Madina, ko nan kusa a Yola da Maiduguri da Kano. Iyaye sun fi sakin jiki da shi, yara sun fi jin maganarsa. Shi kuma ilimin ya samo, ba lalle ne ya samo horon koyarwa ba, kuma da wuya ka ga shi da malamin Faransanci sun zauna sun tsara abin da yaro ɗaya zai ɗauka daga wurinsu su biyu.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilun 1998 ta hana dukan ɗalibai a sashe na 35, ta kuma ambaci bunƙasa harsunan ƙasa. Tun 1981 Farfesa Maurice Tadadjeu na jami'ar Yawunde ya fara gwajin koyarwa da harshen uwa, daga baya shirin ELAN na ƙasashe masu amfani da Faransanci ya gwada haɗa harshen gida da Faransanci a wasu makarantu, har da Fulatanci. Gwaji dai ya tsaya a 'yan makarantu. Abin takaici shi ne, fassarar da malamin iyaye ke yi a sace, yana tsoron kada a ce bai iya Faransanci ba, ita ce masana ke cewa a koya wa malamai su yi ta bisa tsari.

A 2008 aka kafa jami'ar Marwa, aka fara ta da babbar makarantar horon malaman sakandare, abin da ya ba 'yan arewa da yawa damar shiga aikin ba tare da sun tafi Yawunde ba. Horon ya matso kusa, biyan haƙƙi bai matso ba. A watan Fabrairun 2022 malamai suka ajiye alli a faɗin ƙasar suna cewa sun gaji da haƙuri, ana cikin haka kuma wani malamin motsa jiki a sakandaren Beka, a yankin Faro, ya rasu bayan shekara 10 yana aiki ba albashi.

Kan iyaka kuwa nasa labarin daban ne. Tun 2014 hare-haren Boko Haram suka rufe makarantu da dama a gundumomin Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-da-Shari na Arewa Mai Nisa, malaman da aka turo daga nesa suka watse. Waɗanda suka rage su ne 'yan gari da iyaye ke biya, a wasu garuruwan ma sojoji ne suka riƙa shiga aji. A sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, 'ya'yan 'yan gudun hijirar Najeriya da Turanci suke karatu, kuma cikin masu koya musu akwai 'yan uwansu da suka gudo tare daga Borno.