Mai ciwon suga, duba ƙafarka lokacin alwala

Yawancin masu ciwon suga da ake yanke wa yatsa ko ƙafa, ba da babban rauni abin ya soma ba. Ƙaya ce aka taka a gona, ko faso ya tsage a dunduniya da hunturu, ko mai yankan farce ya ɗan zarce da reza. Idan muka tambayi mutum me ya hana shi zuwa da wuri, amsar kusan ɗaya ce: "Ai ba ya mini zafi."

To, rashin zafin nan shi ne matsalar. Suga idan ya daɗe yana hawa, yakan kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi a ƙafa, ya kuma rage jinin da ke kaiwa can. Sai a ji ciwo ba a sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Wasu kan fara da jin ƙafa tana zugi da dare, ko su ji kamar suna taka auduga. Wanda ya fara jin haka ya gaya wa likita.

Sau biyar a rana muke wanke ƙafa, saura dubawa. Idan ka idar da alwala, ko ka fito wanka, ɗaga ƙafar ka kalli tafinta da tsakanin yatsu. Ka nemi tsagewa, kumburi, bororo ko wurin da ya sauya launi. Baba, idan ido ya yi rauni ko sunkuyawa na wahala, a sa jika ya duba. A goge tsakanin yatsu su bushe sarai, domin danshi ne ke kawo rubewa a wurin. A shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya, amma kada a cusa shi tsakanin yatsu. A zazzage takalmi kafin a sa. Ko a tsakar gida kada a yi yawo ba takalmi. Da sanyi kuma, Hajiya, kada a miƙa ƙafa gaban kaskon wuta, kuma a gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, don ƙafar da ba ta ji za ta ƙone ba labari. In an ga rauni, a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe, a zo asibiti ranar ko washegari. Toka, baƙin mai da garin magani ba su da wurin zama a kan ciwon mai suga.

Duk wannan kariya ce, tushen yana wajen saita sugan kansa. Ba a ce a bar tuwo ba, kuma acha kullum ba kowa ke da kuɗinta ba. A rage malmala, a ƙara miya da ganye: zogale, rama, kuɓewa, kuka, ga wake. Inda aka fi faɗawa rami shi ne abin sha. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 9. Haka zoɓo, kunun zaƙi, da shayin mai shayi da aka cika wa madara da suga. Masu cewa sun koma zuma, ita ma tana ɗaga suga. A yi tafiyar ƙafa ta minti 30 aƙalla kwana 5 a mako.

Mai na'urar gwaji a gida ya riƙa rubuta sakamako a littafi. Ga yawancin manya, ana so da safe kafin a karya sugan ya kasance tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mg/dL. Ganin ya sauka ba warkewa ba ce, maganin ne ke aiki. Nan ne mutane ke ajiye ƙwayar maganin suga irin su Metformin su koma jiƙo, sai bayan watanni a kawo su ranga-ranga. Mai allurar insulin ya ajiye ta a firji, ba wajen ƙanƙara ba. Inda babu wuta, a ƙulle ta a leda a sa a wuri mai sanyi kusa da randa. Mai niyyar azumi ya zo tun kafin Ramadan a daidaita masa magani.

Sugan yana kuma iya faɗuwa ƙasa da 70, musamman ga mai allura ko mai shan Glibenclamide da ya sha magani bai ci abinci ba. Alamarsa karkarwa, gumi, jiri, yunwa da rikicewa. A dama suga cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa ya sha, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan ya ci abinci. Iyalin gida su san wannan. Idan kuwa ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti.