Bushewar Bakin Ganye Ba Kullum Ƙishirwa Ba Ce

An daɗe ana cewa in bakin ganyen shukar ado ta cikin ɗaki ya bushe, ruwa take nema. Ba laifi a zaci haka. Sai dai yawancin shuke-shuken ado masu faffaɗan ganye asalinsu dazuzzuka ne masu laima, iskar hunturun Katsina kuwa busasshiya ce. Ita ke ƙona ganyen alhali ƙasar tukunya na jiƙe. In aka ƙara ruwa, saiwa ta ruɓe, ganye ya koma rawaya.

Ku tura yatsa cikin ƙasar kamar santimita 3, in da danshi ku dakata. Ku duba ko gindin tukunyar na da huda, ku haɗa tukwanen wuri guda nesa da fanka da taga. Don Allah ku tura wa masu renon furanni.